Babi na Shida: Ƙarfi Huɗu da Awon da Ya Ɓoye

Wanda ya bar Birnin Ƙonni ya kama kwalta ya nufi gabas, kafin ya wuce Malbaza ya riga ya gamu da duk wani ƙarfi da masana fizik suka sani a wannan duniya. Huɗu ne, kuma har yau ba a samu na biyar ba.

Na farko yana nan a bakin gari, cikin filin noman rani na Ƙonni mai faɗin hekta sama da 2,400. Ruwan da ke shayar da albasa da alkama a wurin daga madatsun Mozage da Zongo yake fitowa, a kan gulbin Majiya, ya yi ta gangarowa cikin magudanu da kansa. Abin da ke janyo shi daga tudu zuwa gangare shi ke faɗo da mangwaro daga reshe, shi kuma ke riƙe wata kada ya ɓalle ya bar mu. Wannan shi za mu kira jan nauyi. Na biyu yana Malbaza, a tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a watan Nuwamba na 2018. Hasken rana ya bugi faranti, ya tunkuɗo ƙwayoyin ilaktiron, wuta ta bi waya. Ƙarfin lantarki da maganaɗisu ke nan. Aikinsa ya wuce kunna fitila nesa ba kusa ba: shi ke ɗaure ƙwayoyin zarra da junansu, don haka shi ke sa simintin da ake yi a garin ya sandare idan ya sha ruwa, shi ke hana ƙafarka nutsewa cikin ƙasa in ka taka.

Sauran biyun ido ba ya ganinsu, amma sun daɗe suna ratsa wannan yanki cikin ganguna. A mararrabar Tsarnawa hanyar Tawa ke haɗuwa da ta Yamai, kuma ta nan manyan motoci suka yi shekaru suna sauko da yuraniyam ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, su bi ta Badagishiri cikin gundumar Illela, su ratsa Ƙonni su nufi tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A cibiyar kowace ƙwayar zarra ta yuraniyam akwai furoton 92, dukansu masu caji iri ɗaya, kowa na ture ɗan'uwansa iya ƙarfinsa. Da ba don wani ƙarfi da ya fi wannan turewa ba, da tuni sun tarwatse. Shi ake kira babban ƙarfin nukiliya. Ƙanensa, raunanan ƙarfin nukiliya, shi ke iya juya niyutiron ya koma furoton ko furoton ya koma niyutiron. Raunin nasa a suna ne: matakin farko na wutar da ke ci a cikin rana ba ya yiwuwa sai da shi. In babu shi, farantan Malbaza ba su da abin sha.

Tambayar da ta daɗe tana hana masana barci ita ce: don me huɗu? Kowanne da dokarsa, kowanne da lissafinsa. Shin asalinsu ɗaya ne, mu ne muke ganinsu a rarrabe?

Wannan zato yana da tushe, domin an taɓa yi an ci riba. Kafin Isaac Newton, malaman Turai na ganin dokar sama daban, ta ƙasa daban. A littafinsa na 1687 ya nuna cewa faɗuwar dutse da kewayawar wata lissafi guda ne. Haka lantarki da mayen ƙarfe: an ɗauke su abu biyu har 1820, lokacin da Hans Christian Oersted na Danmak ya ga allurar kamfas ta karkata da aka saki wuta cikin wayar da ke kusa da ita. A 1831 Michael Faraday ya yi akasin haka a Landan, ya motsa mayen ƙarfe kusa da waya, lantarki ya fito. Kowane janareta da ke ƙara a kasuwa jikan wannan gwaji ne. Sai James Clerk Maxwell ya zo a 1865 ya zuba su duka cikin ƙa'idojin lissafi ƙalilan, ya kuma ci karo da abin da bai je nema ba. Lissafin ya ce lantarki da maganaɗisu suna iya kaɗawa su yi tafiya cikin sarari da gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, wanda shi ne gudun haske da aka riga aka auna. Ashe haske ma ɗan gidan ne.

Kafin mu ci gaba dole mu tsaya a kan awo, domin nan labarin ya ɗauki wata hanya ta daban.

Magini in zai faɗa maka girman ɗaki, lamba uku yake bukata: tsawo, faɗi, tsayi. Malamanmu na zaure suna lissafa jihohi shida, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa, wato kashi uku ne, bibbiyu masu fuskantar juna. Ka gwada nuna wata jiha da yatsa wadda ba ta cikin waɗannan, ba kuma gaurayensu ba ce. Ba za ka iya ba, kuma babu mai iyawa. Shi ya sa ake cewa sararin da muke ciki mai awo uku ne.

Amma lissafi bai damu da abin da yatsa ke iya nunawa ba. Magina sun san dabarar fitar da kusurwar harsashi: in gefe ɗaya mita 3 ne, ɗayan mita 4, to igiyar da ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa sai ta zama mita 5 cif, saboda 9 a tara da 16 ya ba da 25. In ginin yana da tsayin mita 12, daga kusurwar ƙasa zuwa ta sama da ke ɗaya ɓangaren mita 13 ne, tunda 25 da 144 sun ba da 169. To, me zai hana a ƙara lamba ta huɗu? A sa 84, a ninka ta da kanta, a tara da 169, a samu 7,225, wanda shi ne 85 sau 85. Lissafin ya tafi sumul, bai yi tuntuɓe ko kaɗan ba, alhali babu maginin da zai iya gina wannan ɗaki. A watan Yuni na 1854 wani matashi Bajamushe, Bernhard Riemann, ya gabatar da lacca a jami'ar Gottingen inda ya shimfiɗa yadda za a auna sarari mai awo ko nawa ne, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Ya rasu a 1866 yana da shekara 39, kuma aikin nasa ya yi shekara kusan sittin masu lissafi kaɗai ke waiwayarsa.

Albert Einstein ne ya fito da shi kasuwa. A 1905 ya nuna cewa agogo biyu masu gudu daban-daban ba sa tafiya daidai, kuma a 1908 tsohon malaminsa na lissafi, Hermann Minkowski, ya ce ma'anar wannan ita ce lokaci awo ne na huɗu, a saƙe yake da sauran ukun. A watan Nuwamba na 1915 Einstein ya kai maganar ƙarshe: jan nauyi ba igiya ba ce da duniya ke jan abubuwa da ita. Abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, sauran abubuwa kuma suna bin lanƙwasar. In haka ne, ko haske dole ya karkata in ya gifta kusa da rana.

A gaɓar yammacin Afirka aka gwada wannan magana. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana cikakke, masanin taurari na Ingila Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a tsibirin Firinsife cikin Tekun Gini, wata tawagar kuma ta tafi Sobral a Barazil. Da duhu ya rufe suka ɗauki hoton taurarin da ke gefen rana, suka tarar sun ɗan gusa daga mazauninsu gwargwadon abin da Einstein ya lissafa. Mutanen Katsina da Gusau da suka ga dare ya yi da hantsi ranar 29 ga Maris 2006 sun san irin duhun da ake magana a kai. Yau ba sai an jira husufi ba. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan bambanci, da taswirar da ke cikin salula ta riƙa kauce wa gaskiya da kilomita kusan goma a kullum. Awo na huɗu dai ya tabbata, babu sauran jayayya a kansa.

A cikin wannan shekara ta 1919 wata wasiƙa ta iso wa Einstein daga birnin Konigsberg. Mai aiko ta, Theodor Kaluza, ƙaramin malamin jami'a ne da ba a san shi ba, ba shi da ko cikakken albashi. Tunaninsa mai sauƙin faɗa ne: in jan nauyi lanƙwasar awo huɗu ne, me zai faru in aka rubuta lissafin Einstein da awo biyar? A awo huɗu ana bukatar lamba goma a kowane wuri don a bayyana lanƙwasa. A awo biyar ana bukatar goma sha biyar. Da Kaluza ya warware su, goma suka ba shi jan nauyin Einstein yadda yake. Huɗu suka ba shi ƙa'idojin Maxwell na lantarki da maganaɗisu, ba tare da ya cusa su da hannu ba. Ɗaya ta rage, ba a san inda za a kai ta ba. Wato mai yiwuwa ne lantarki shi ma lanƙwasa ce, amma ta wani ɓangaren da ba mu gani. Abin ya burge Einstein, amma ya yi shekara biyu yana jinkiri kafin ya miƙa takardar a buga a 1921.

Kowa ya ji wannan zai yi tambaya guda: ina awon na biyar yake? Oskar Klein, ɗan ƙasar Suwidin, ya ba da amsa a 1926, kuma har yau a kanta ake gini. Ka dubi tsirkiyar goge daga bayan taro. Layi ne siriri, yana da tsawo kawai, daga wuya zuwa ƙoƙo. Matso kusa ka ga ashe izgar doki ce mai kauri, kuma ƙwaron da ya isa ƙanƙanta yana da hanya biyu a kanta: ya bi tsawonta, ko ya zagaye ta ya dawo inda ya tashi. Awon na biyu yana nan tun farko, naɗewa ya yi ya ƙanƙance har ido daga nesa ya kasa raba shi. Klein ya ce haka sararinmu yake. A kowane ɗigo na wuri akwai wata 'yar da'ira da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta sau biliyoyin biliyoyi, kuma abin da muke kira cajin lantarki gudu ne da ƙwaya ke yi cikin wannan da'ira. Har ya samu ƙarin riba: tunda kaɗawar da ke zagaye da'ira dole ta cika sau ɗaya ko biyu ko uku, ba ta yin ɗaya da rabi, sai aka samu dalilin da ya sa caji ke zuwa ƙwaya-ƙwaya, ninkin na ilaktiron.

Ra'in ya yi kyau, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. Da aka lissafa nauyin ilaktiron da shi, sai ya fito ya fi na gaskiya sau biliyoyin biliyoyi. Kuma cikin shekarun 1930 Enrico Fermi a Italiya da Hideki Yukawa a Japan suka fara fayyace ƙarfin nukiliya guda biyu, waɗanda Kaluza bai ma san da su ba. Haɗa biyu cikin huɗu ba haɗin kai ba ne. Matasan masana suka watse suka koma ga fizik ɗin kwantam, mai bayanin ƙananan ƙwayoyi. Einstein ya tsaya kan bakansa, ya yi shekara talatin yana gwada lissafi bayan lissafi, wani da awo biyar wani da huɗu, har ya rasu a Princeton ranar 18 ga Afrilu 1955 da takardun lissafi a gefen gadonsa na asibiti. Bai samu ba.

Nasarar da ta biyo baya ta wata ƙofa ta shigo, kuma ba ta bukaci ƙarin awo ko ɗaya ba. Sheldon Glashow a 1961, Steven Weinberg a 1967 da Abdus Salam ɗan Pakistan a 1968 suka nuna cewa ƙarfin lantarki da raunanan ƙarfin nukiliya abu ɗaya ne a cikin zafi mai tsanani irin na farkon halittar sarari, sanyi ne ya raba su. Muhimmin abu shi ne ra'insu ya yi alkawarin da za a iya kama shi a kai. Ya ce akwai ƙwayoyi masu nauyi da ba a taɓa gani ba, W da Z, ya kuma faɗi kimanin nauyinsu. Aka ba su kyautar Nobel a 1979, a 1983 kuma cibiyar CERN da ke kusa da Janeba ta gano ƙwayoyin da nauyin da aka faɗa. Ƙwayar Higgs, wadda ita ce ragowar alkawarin, an sanar da ganinta ranar 4 ga Yuli 2012. Ƙarfi huɗu sun koma uku a kan takarda, kuma gwaji ya sa hannu.

Daga nan sai tafiya ta fara nauyi. A 1974 Glashow da Howard Georgi suka kawo hanyar shigo da babban ƙarfin nukiliya cikin haɗin, amma bisa sharaɗin cewa furoton ba ya dawwama, wata rana zai ruɓe. Aka gina manyan tankuna a ƙarƙashin ƙasa ana jira. Na Super-Kamiokande a Japan yana ɗauke da tan 50,000 na ruwa, mita 1,000 a cikin dutse, yana aiki tun 1996. Ko furoton ɗaya ba a ga ya ruɓe ba, kuma wancan ra'i na farko ya faɗi.

Jan nauyi kuwa shi ne ɗan tawayen gidan. Da farko, rauninsa ya wuce hankali. Ɗan guntun mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo yana ɗaga ƙusa sama, alhali duniya duka da duwatsunta da tekunanta tana jan ƙusar ƙasa. Tsakanin furoton biyu, turewar lantarki ta fi jan nauyi sau 1 mai sifiri 36 a bayansa. Na biyu, duk lokacin da aka yi ƙoƙarin rubuta jan nauyi da harshen kwantam, lissafin sai ya riƙa fitar da amsa marar iyaka, wadda ba ta da ma'ana. Ginshiƙai biyu na fizik ɗin zamani, kowanne ya ci jarrabawa sau dubbai a fagensa, amma a tsakiyar baƙin rami, wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga jan nauyinsa, ko a daƙiƙar farko ta halittar sarari, inda ake bukatar su tare, ba sa jituwa.

Nan ne tsohon tunanin Kaluza ya dawo. A 1968 Gabriele Veneziano ya rubuta wata ƙa'ida don bayanin babban ƙarfin nukiliya, ba da jimawa ba Yoichiro Nambu da Holger Nielsen da Leonard Susskind suka gane cewa ƙa'idar tana bayanin wasu ƙananan zare ne masu kaɗawa. Ra'in tsirkiya ke nan. A cewarsa ilaktiron da ƙwayar haske da sauran ƙwayoyi ba ɗigo ba ne, tsirkiya iri ɗaya ce, salon kaɗawarta ne ya bambanta, kamar yadda mai goge ke fitar da amo iri-iri da matsa yatsa. A 1974 Joel Scherk da John Schwarz suka lura cewa ɗaya daga cikin salon kaɗawar yana da duk siffofin ƙwayar da ya kamata ta ɗauki jan nauyi. Abin da aka yi shekaru ana nema ya fito da kansa. Kuɗin da aka biya shi ne awo: lissafin ba ya daidaita sai in sarari da lokaci suna da awo 26 a siffar farko, ko 10 a siffar da aka gyara. Bayan Michael Green da Schwarz sun warware wata babbar matsala a 1984, ɗaruruwan masana suka yi dafifi a kansa. Awo shida da suka yi rara aka ce a naɗe suke irin naɗin Klein, sai dai ba da'ira ba, cikin wasu siffofi masu sarƙaƙiya da ake kira Calabi-Yau. Da aka wayi gari da ra'in tsirkiya har iri biyar, Edward Witten ya nuna a 1995 cewa duka biyar ɗin fuskoki ne na abu guda mai awo 11.

Ina jin wasu masu wa'azi da masu rubutu a Facebook suna ɗaukar waɗannan lambobi su ɗora a kan sammai bakwai ko mazaunin aljanu. Wannan ganganci ne ta ɓangarori biyu. Lissafin bai ce komai a kan gaibu ba, kuma lambar da ta tashi daga 5 zuwa 26, ta sauko 10, ta hau 11 cikin shekara tamanin ba wurin jingina imani ba ce.

To, ina shaida? A nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido. In waɗannan awo sun ƙanƙance zuwa abin da ake kira tsawon Planck, wato mita ɗaya a raba ta sau 1 mai sifiri 35, babu na'urar da za ta gan su. Babbar na'urar karo da ƙwayoyi ta CERN, mai zagayen kilomita 27, abin da take iya leƙawa ya fi wannan girma sau dubban tiriliyoyi. Amma a 1998 Nima Arkani-Hamed da Savas Dimopoulos da Gia Dvali suka kawo wata shawara mai jan hankali: wataƙila wasu daga cikin awon suna da ɗan girma, har kusan milimita, kuma jan nauyi ne kaɗai ke iya shiga cikinsu. In haka ne, rauninsa ya samu dalili, yoyo yake yi zuwa inda sauran ba sa zuwa. A 1999 Lisa Randall da Raman Sundrum suka kawo wata siffar mai kama da wannan.

Wannan kam ana iya gwadawa. Dokar Newton ta ce in ka ninka nisa sau biyu, jan nauyi ya ragu sau huɗu, kuma dalilin wannan huɗun shi ne awon sarari uku ne. Da huɗu ne, da raguwar sau takwas ce, kuma Paul Ehrenfest ya nuna tun 1917 cewa a irin wannan sarari duniya ba za ta iya zama a kan hanyarta ba, ko ta faɗa cikin rana ko ta ɓace. Don haka in akwai ɓoyayyen awo, dokar za ta canza a tsakanin abubuwa biyu da suka matsu ƙwarai. Masana a jami'ar Washington da ke Seattle sun yi shekaru suna auna wannan, kuma a 2020 suka sanar cewa dokar Newton tana nan daram har zuwa tazarar kashi 52 cikin dubu na milimita, kimanin kaurin gashin kai. Na'urar CERN ta nemi ƙananan baƙaƙen ramuka da ƙarfin da ke ɓacewa ba dalili, ba ta gani ba. Ta nemi sababbin ƙwayoyin da masu ra'in tsirkiya da yawa suka sa rai da su, shiru. Ranar 17 ga Agusta 2017 aka kama girgizar sarari da kuma haske daga karon wasu matattun taurari biyu masu nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Da jan nauyi yana yoyo a hanya, da girgizar ta iso da rauni fiye da yadda nisan ya nuna. Ta iso daidai.

Akwai matsalar da ta fi wannan. Hanyoyin naɗe awo shidan ba ɗaya ba ne. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne 1 mai sifiri 500, kuma kowane naɗi yana ba da duniya mai dokoki daban. Ra'in da zai iya dacewa da duk abin da gwaji ya fitar, da wuya a ce ya yi alkawari. A 2006 Peter Woit da Lee Smolin kowannensu ya fitar da littafi yana sukar yadda wannan fanni ya mamaye kujerun jami'o'i ba tare da shaida ba. Masu kare shi suna da abin faɗa. A 1996 Andrew Strominger da Cumrun Vafa sun yi amfani da shi suka fitar da wata ƙa'ida ta baƙin rami da Jacob Bekenstein da Stephen Hawking suka samu ta wata hanya daban tun shekarun 1970, amsoshin suka zo ɗaya. Aikin Juan Maldacena na 1997 ya zama kayan aiki har ga waɗanda ba su yarda da tsirkiya ba. Shi kansa Witten a 1990 ya karɓi lambar Fields, babbar kyautar masu lissafi. Akwai kuma masu bin wata hanya dabam, irin su Abhay Ashtekar da Carlo Rovelli, waɗanda ke neman jan nauyin kwantam cikin awo huɗun da muka sani. Su ma ba su da shaidar gwaji.

Nawa hukuncin shi ne: awo huɗu ilimi ne tabbatacce, haɗin lantarki da raunanan ƙarfi ma haka. Awo na biyar zuwa na goma sha ɗaya kuwa zato ne na masu hankali, mai kyawun lissafi, wanda ya haura shekara ɗari yana jiran shaida. Duk wanda ya ce maka kimiyya ta gano awo goma sha ɗaya ya wuce gona da iri.

Manomin albasa a Galmi yana da haƙƙin ya tambaya me wannan zai tsinana masa, ga tsadar taki ga wuta na ɗaukewa. Ba zan yi masa alkawarin ƙarya ba, mai yiwuwa ba zai tsinana komai ba. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne Maxwell bai san rediyo ba, sai a 1887 Heinrich Hertz ya fitar da kaɗawar da ya lissafa, kuma takardar Einstein ta 1905 a kan yadda haske ke tunkuɗo ilaktiron, wadda ta ba shi Nobel ta 1921, tana cikin tushen ilimin da ake ƙera farantin sola da shi. Babban masanin fizik na Nijar, Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya zaɓi ya ba da rayuwarsa ga makamashin rana, ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969, tun ana yi wa maganar kallon mafarki. Zaɓinsa ya dace da ƙasarsa. Amma bai iya yin wannan aiki ba sai da ya ƙware a kan Maxwell da kwantam tukuna, kuma ƙasar da ba ta da masu wannan zurfi za ta dawwama tana sayen faranti ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Kuma a duk fannonin kimiyya, wannan na cikin mafi arha ga talaka. Kaluza bai da ɗakin gwaji, takarda da alƙalami ya yi aiki da su. Abdus Salam, wanda ya bar ƙasarsa saboda rashin abokan tattaunawa da mujallun ilimi, ya kafa cibiyar ICTP a birnin Trieste na Italiya a 1964 domin kada irin wannan kaɗaici ya kashe masanan ƙasashe matalauta. Cibiyar tana da kwas na shekara ɗaya bayan digirin farko, har da fannin ƙananan ƙwayoyi da ilimin sarari, kuma tana ɗaukar nauyin ɗaliban da ta zaɓa. Cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, ita ma karatu da masauki kyauta ne ga wanda ya samu shiga. Ɗalibin da ke aji na ƙarshe a Ƙonni ko Illela, ko wanda ke karatun lissafi a Maraɗi ko Sakkwato, ya riƙe waɗannan sunaye biyu. Abin da za su duba a takardunsa shi ne makinsa na lissafi da na fizik, sai kuma Ingilishin da zai iya bin darasi da shi.